Alhaki Ba Ya Hawa Wuyan Na'ura

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma ɗora masa amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wani sabon fannin bincike ya buɗe a sassan koyon shari'a na jami'o'in duniya, har ɗalibai suna neman digiri na uku a kansa, watau wanda ake wa laƙabi da digirin digirgir. Fannin kuwa shi ne yadda za a kafa doka ga abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau na'urorin da ake ɗura wa bayanai masu ɗimbin yawa har su iya amsa tambaya, su rubuta wasiƙa, su kwaikwayi muryar mutum, su kuma yanke cewa wane ya cancanci bashi, wane bai cancanta ba. Mai karatu yana iya cewa wannan ai zancen Turai ne da Amurka, ina ruwan filin addini da shi? To, duk abin da ya taɓa dukiyar mutum da mutuncinsa ya shigo hurumin Shari'a, abin nan kuwa tuni ya iso Fagge da Sabon Gari, yana cikin aljihun ɗan kasuwa da na yaron shagonsa.

Kasuwar da babu fuska

Fagge tun asali masaukin baƙi ne a bayan ganuwar Kano, inda ayarin fatake suke sauke kaya. Sabon Gari kuwa an shata shi wajen 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ya zama mazaunin mutanen kudu da sauran baƙi. A wannan yanki ne Kantin Kwari take, da Kasuwar Singa, da Wapa ta 'yan canji, da babbar kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Abin da ya riƙe cinikin waɗannan wurare shekara da shekaru shi ne sanin wanda za a kama idan abu ya ɓaci. Baƙo ya sauka wurin fatomansa, fatoma ya tsaya masa. Dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, in kaya suka fito da aibi an san rumfarsa. Wanda ya ba da kaya bashi ya san uban ɗakin wanda ya karɓa, in ta ƙi a je ga shugabannin kasuwa, in ta ƙi nan ma a je gaban alƙali.

Yanzu kuwa an sami wani abokin ciniki da ba shi da rumfa. Ƙaramin ɗan kasuwa ya nemi rance ta wata manhaja a wayarsa, na'ura ta leƙa bayanansa cikin ƙiftawar ido ta yanke masa hukunci, ba ta faɗa masa dalili ba. Wani ta ba shi da kuɗin ruwa mai nauyi, wanda riba ce da Shari'a ta haramta tun farko, ranar da ya makara ga biya sai a aika wa dangi da abokan cinikinsa saƙon tozarci. Wannan ta'asa ta yi yawa a Nijeriya har Hukumar Kare Masu Sayayya ta Tarayya, watau FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista a 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin wayar mutane da hotunansu a 2023. Har ila yau an kai inda ake iya ɗaukar muryar mutum a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, a kasuwar da ake sakin kayan miliyoyi a kan saƙon murya. Idan wanda aka cuta ya nemi haƙƙinsa, amsar da ya fi samu ita ce, "Na'ura ce ta yi." Ga wannan amsa filin nan yake son ya tsaya.

Na'ura ba ta da wuya

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa hukunci yana hawa kan mukallafi ne, watau baligi mai hankali, kuma haƙƙi da bashi suna rataya ne ga abin da suka kira zimma, wanda Bahaushe yake cewa wuya. Na'ura ba ta yin niyya, ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya, ba za a kuma tashe ta ranar alƙiyama a tambaye ta ba. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah Ya hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, Ya kuma sanar cewa za a yi tambaya game da ji da gani da zuciya. Waɗannan na mutum ne. Saboda haka duk ɓarnar da ta fito daga na'ura, lalle akwai wuyan wani ɗan Adam da za ta hau.

An taɓa gwada kauce wa wannan. A watan Fabrairu na 2017 Majalisar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a duba yiwuwar ba wasu mutum-mutumi matsayi na kansu a gaban doka, sai masana da yawa suka yi tir da shawarar, ba ta kuwa zama doka ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi shelar ba wani mutum-mutumi mai suna Sophia shaidar zama ɗan ƙasa a Saudiyya, abin da bai wuce talla ba. Wani yana iya kawo hujja da waƙafi da baitulmali, cewa ai su ma ba mutane ba ne, amma suna mallaka ana kuma bin su bashi. Haka ne, sai dai kowane waƙafi yana da mai kula da shi, kowane baitulmali yana da ma'aji, kuma su ake tuhuma in an yi sakaci. Shari'a ba ta san wata dukiya da take yawo a gari tana ɓarna ba tare da mai amsa sunanta ba.

Darasin dabba da gona

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zauren Fagge ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya riga ya wuce ta kan asalin wannan mas'ala, ko da bai lura ba. A can aka karanta masa cewa idan dabba ta taka wani abu ta ɓata, to mai kora ta, da mai jan ta, da wanda yake bisa kanta, su ne da lamuni. Aka kuma karanta masa cewa abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare masu dabbobin ne za su biya, amma ɓarnar rana ba ta kansu. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka ruwaito cewa taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, ɓarnar dare kuma tana kan masu dabbobi. Alƙur'ani ma ya ba da labarin irin wannan shari'a a gaban Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79.

A dubi hikimar da take cikin rabon nan na dare da rana. Da rana manomi yana farke, yana gonarsa, yana iya korar akuya, saboda haka aka bar masa tsaron kayansa. Da dare kuwa ya koma gida ya kwanta, babu mai ikon hana ɓarna sai wanda turke da igiya suke hannunsa, don haka aka ɗora masa. Watau Shari'a tana aza nauyi a kan wanda ya fi ikon tsare ɓarnar. To, a auna wannan da halin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ko mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, a gaban na'urar da take yanke masa hukunci. Bai san abin da aka ɗura mata ba, bai san ma'aunin da take auna shi da shi ba, ba shi da ikon tsayar da ita. A wurinsa kullum dare ne. Turke da igiya suna hannun kamfanin da ya ƙera ta da wanda ya saye ta ya sake ta cikin jama'a, su ne kuwa suke cin amfaninta. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa wanda yake kwasar riba shi yake ɗaukar hasara.

Haka kuma Risala ta tabbatar da lamunin masu sana'a, irin su maɗinki da marini da maƙeri, a kan kayan da aka ba su suka keɓe da su, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Malaman Malikiyya sun ce an yi haka ne don maslahar jama'a, domin mai kaya ba ya ganin abin da ake yi a bayan idonsa, in aka bar mai sana'a da kalmar "ya ɓace" kawai, dukiyar mutane za ta salwanta. Bayanan mutum, watau sunansa, da hotonsa, da muryarsa, da tarihin cinikinsa, kaya ne da ya miƙa wa wasu suka keɓe da su. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne da lamunin abin da ya faru. Wanda ya saki na'ura tana ba marasa lafiya shawara, ko tana ba jama'a fatawa, ba tare da an jarraba ta ba, sai ya dubi kansa a wannan hadisi.

Inda aikin mai bincike yake

Kada a ɗauka cewa da wannan ƙiyasi an gama magana. Dabba tana da mai ita guda, a unguwa guda. Na'ura kuwa wani ya ƙera ta a Amurka ko Sin, wani ya ɗura mata bayanai, wani kamfani a Legas ya yi hayarta, wani wakili a Kano ya tallata ta. A cikinsu wane ne mai kora, wane ne mai ja, wane ne mahayi? Wa ya aikata da hannunsa, wa ya zama sanadi? Kuma Risalar nan ta ce abin da dabba ta yi ba da aikin kowa ba ya faɗi banza, babu biya. Lalle masu kamfani za su so su fake da irin wannan, su ce na'urar ta koyi halinta da kanta. Wa zai ba su amsa da hujja? Yaya alƙali a Kano zai kira wanda yake wata ƙasa? Yaya za a karɓi muryar da aka naɗa a matsayin shaida, alhali ana iya ƙirƙirar ta? Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar abin da kwamfuta ta fitar a kotu, amma an rubuta shi kafin ƙirƙirar murya ta zama abin da yaro zai yi a wayarsa. Kowace ɗaya daga waɗannan tambayoyi ta isa kundin digiri na uku.

Duniya ba ta zauna ba. Ƙasashen hukumar UNESCO 193 sun amince da wata shawara a kan ladubban wannan fasaha a Nuwamba 2021. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Yuli 2024. Dokar Tarayyar Turai ta soma aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ta kasa na'urori gwargwadon haɗarinsu, ta haramta wasu, ta sa masu auna cancantar bashi cikin masu babban haɗari, ta kuma yanka tarar da take iya kai yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. A gida Nijeriya, hukumar NITDA ta buɗe cibiyar nazarin wannan fasaha a Abuja a 2020. A Yuni 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda sashenta na 37 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, da haƙƙin neman ɗan Adam ya duba lamarinsa ya saurari ƙorafinsa. A Agusta 2024 kuma aka fitar da daftarin tsarin ƙasa a kan ƙirƙirarriyar basira.

Hikima abin neman mumini ce ko'ina ya same ta, don haka karanta waɗannan dokoki wajibi ne ga mai bincike. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Dokar da aka ɗinka wa mutumin da yake da lauya da takardun ciniki ba za ta zauna daidai a jikin wanda cinikinsa na baka ne da amana ba, wanda bai ma taɓa jin sashe na 37 ba, balle ya nemi haƙƙinsa da shi. Kano kuwa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna. A Kano Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami don jagorancin masu hukunci. A nan aka buɗe Makarantar Shari'a a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Ga Jami'ar Bayero da sashenta na shari'a, ga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Malamai sun ce duk ilmin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsa farilla ce ta kifaya, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wannan fanni ya shiga ciki.

Abin da ake nema ga ɗalibi

Na farko, ya san abin da zai yi wa hukunci. Malaman usulu sun ce ba a hukunta abu sai an fahimci yadda yake. Wanda ya san fiƙihu bai san yadda na'urar take aiki ba zai haramta halal ko ya halatta haram, wanda kuma ya san na'ura bai san Shari'a ba zai ɗinka wa jama'a rigar da ba za su sa ba. Sai ya durƙusa gaban malamin zaure, da malamin dokar ƙasa, da masanin kwamfuta.

Na biyu, ya shiga kasuwa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, sai ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. Wannan shi ne tushen aikin hisba a kasuwa. Dokar da ba ta ba hukuma ikon cusa hannu cikin na'ura ta ga abin da yake ƙasa ba, ba ta kai ga wannan sunna ba. Na'urar da take auna mutane mudu ce, Suratul Muɗaffifina kuwa ta yi narko ga masu tauye mudu.

Na uku, ya riƙe adalci ga kowa. Sabon Gari mazaunin Musulmi ne da Kirista, Bahaushe da Ibo da Bayarabe. Na'ura tana koyo ne daga bayanan da mutane suka tara, in akwai son kai a cikinsu sai ta haɗiye shi, ta riƙa auna mutum da sunansa ko unguwarsu. An ga haka a ƙasar Holan, inda aka tuhumi dubban iyaye da zambar kuɗin tallafin yara bisa kuskure, da taimakon wani tsari da yake ɗaukar asalin ƙasar mutum a matsayin alamar haɗari, har gwamnatin ƙasar ta yi murabus a Janairu 2021. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar yi musu adalci.

Na huɗu, ya tsare amanar alƙalaminsa. A Yuni 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda ChatGPT ya ƙirƙira musu. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Na'ura kuwa sau da yawa takan amsa da ƙarfin gwiwa, ko ta sani ko ba ta sani ba, har ta jingina wa malami maganar da bai yi ba. Babu laifi ɗalibi ya yi aiki da ita kamar yadda ake aiki da ƙamus, muddin ya koma ga littafi ya tabbatar. Amma abin kunya ne mai neman yi wa na'ura linzami ya zama ita ta rubuta masa kundinsa. Ya kuma gyara niyya, kada burinsa ya tsaya ga a kira shi Dakta. Idan ya gama, ya taƙaita abin da ya gano cikin Hausa, ya kai wa alƙalai da limamai da shugabannin kasuwa, kada ya bar shi ƙura ta rufe a ɗakin karatu.

Attajiran Kwari da Singa da Wapa su ma da nasu rabon. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu su yi wannan bincike sadaka ce mai gudana, kuma kasuwarsu za a tsare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokokin nan yanzu ake rubuta su, wanda bai kai hujjarsa ba za a rubuta ba da shi ba. Sauran jama'a kuwa su riƙe umarnin aya ta 6 ta Suratul Hujurati na bincika labari kafin aiki da shi, kada a saki kaya ko a yaɗa zance a kan murya ko hoto sai an tabbatar. Wanda ya tura ƙarya gaba, yatsansa ne ya tura, shi za a tambaya.

Allah Ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci, Ya yi wa ɗalibai buɗi, Ya sa albarka a kasuwanni, Ya tsare jama'a daga cin haƙƙin juna a fili da ɓoye. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.